Keken da aka ba ni kyauta ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, shekaruna 23, gidanmu yana cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Kuyambana. Bara mota ta buge mashin ɗin da ya ɗauko ni, lakar bayana ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai, amma hannuwana lafiya ƙalau. Da aka sallame ni, wani aminin Baba ya kawo mini keke na ƙarfe irin na asibiti, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai keken ya yi mini yawa, ina yawo a cikinsa, in na tura kaɗan kafaɗuna su ɗau ciwo, kuma sai mutum biyu ke iya sa shi a Napep. Ina so in koma makaranta zango mai zuwa. Yayana da ke aiki a Abuja ya ga wani mara nauyi na alminiyam a intanet, ya ce in dai ina so zai biya. Baba kuwa ya ce a'a, canja keken butulci ne ga wanda ya kawo, in yi haƙuri da shi. Ban san irin wanda ya dace da ni ba, kuma ba na so in saɓa wa Baba. Ki taimake ni da shawara.

'Yarki daga birnin Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kika ce za ki koma makaranta, kada ki bari kowa ya sare miki gwiwa a kan wannan.

Kafin mu zo kan maganar Baba, ki kira yayanki yau ki yi masa godiya, sannan ki roƙe shi ya riƙe kuɗinsa tukuna. Kada ya tura wa kowa ko kwabo saboda hoton da ya gani. Ba za ki miƙa wa tela shadda mai tsada ki ce ya ɗinka miki ba tare da ya auna ki ba, to keken da za ki yini a kai tun safe har dare shi ya fi cancantar awo. Kuma akwai tarkon da masu saye daga nesa suka fi faɗawa: kekunan da suka fi kowanne rashin nauyi a shaguna su ne masu ƙananan tayoyi huɗu, waɗanda aka yi domin wani ya tura mara lafiya daga mota zuwa ɗakin likita. In aka kawo miki irinsa, ko taku ɗaya ba za ki motsa ba sai an turo ki. Ke mai lafiyayyun hannuwa, keke mai manyan tayoyin baya da zoben da za ki kama ki tura kanki kike bukata.

Bari in ɗan rage miki ɗokin kalmar nan da 'yan kasuwa ke ja da ita, wato rashin nauyi. Keken ƙarfe irin naki yakan kai kilo 18 zuwa 20. Na alminiyam mai naɗewa yakan tsaya wajen kilo 12 zuwa 15, wanda ba ya naɗewa kuma yana iya sauka ƙasa da haka. Mu ƙaddara nauyinki kilo 55 ne. Da keke mai kilo 18, hannuwanki na tura kilo 73. Da mai kilo 12, suna tura 67. Ragin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Inda rashin nauyin ke da rana sosai shi ne wajen ɗagawa, sa shi a Napep, tsallakar da shi kwata, hawa da shi matakala. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa makaranta kullum, amma ba shi ke cin kafaɗunki ba. Abin da ke cin su, in na fahimci bayaninki daidai, shi ne keken ya fi ki faɗi, sai kin buɗe hammata kafin ki kamo zoben, sannan tayoyin baya na irin wannan keke an kafa su can baya ne, sai kin miƙa hannu ta bayanki a kowace turawa. Da za a ba ki na alminiyam mai wannan fasalin, ciwon yana nan inda yake. Kafaɗun nan kuwa su ne jarinki yanzu. Da su za ki hau gado, da su za ki shiga mota, shekara da shekaru, kuma ciwon kafaɗa na cikin abubuwan da suka fi damun waɗanda suka daɗe suna tura keke.

Saboda haka awo ne farko. Ki je sashen gashin ƙashi da motsa jiki na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki ce kina so a auna ki a rubuta miki ƙa'idojin keken da ya dace da ke. In hali ya yi, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ma aikinsu ke nan. Takardar da za su rubuta ita za ki tura wa yaya, ba hoto ba. Amma gara ki san abin da ake dubawa, don ki iya yin magana da bakinki a gaban mai sayarwa.

Faɗin mazauni ya yi daidai da faɗin ƙugunki, ya zamana tafin hannu na iya zamewa a gefe ba tare da ƙarfe na matse ki ba. A kasuwa za ki ji ana cewa inci 16, inci 18, inci 20, kuma mai 18 aka fi samu, shi ya sa ake tura wa kowa shi ko da siririya ce. Tsawon mazauni kuma, in kin zauna kin jingina sosai, a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin mazaunin da bayan gwiwarki. Wurin ɗora ƙafa ya tallafe tafin ƙafar yadda cinya za ta kwanta a kan kushin gaba ɗaya, kuma ya ɗago daga ƙasa da aƙalla santimita 5 don kada ya riƙa karo da duwatsu. Majingina, ga wadda ke iya riƙe jikinta a zaune, ta tsaya ƙasa da allon kafaɗa, don kafaɗar ta sami sakewa. Sai babban ma'auni, wanda masu shago da yawa ba su ma san da shi ba: ki zauna tsaye, ki saki hannuwanki ƙasa, kan yatsunki ya sauka daidai cibiyar tayar baya. In cibiyar tana can bayan hannunki, keken zai yi miki nauyin turawa ko da na takarda ne. Kekunan kirki ana iya matso da cibiyar gaba ko baya, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi. Sai dai ki sani, matso da ita gaba na sa keken saurin ɗaga kai, don haka a bar miki ƙananan sandunan baya masu hana kifewa har sai kin ƙware. Ki kuma tabbata wurin ɗora hannu yana cirewa ko yana ɗagawa, na ƙafa kuma yana juyawa gefe, in ba haka ba komawa gado ko kujerar mota zai zama kokawa kullum.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don wannan ya fi keken kansa muhimmanci, kuma ba ki ambace shi a wasiƙarki ba, abin da ya sa hankalina bai kwanta ba. A kan me kike zama? In filo ne ko ledar keken kawai, to da gyara tun a makon nan. Mai jin jikinsa, in zama ya dame shi yakan muskuta ba tare da ya sani ba. Ke jikinki ya daina aiko miki da wannan saƙon. Ƙasusuwan zama biyu na danne fata da nama, jini ya kasa ratsawa, wurin ya mutu daga ciki, kafin a ankara gyambo ya buɗe. Gyambon zama na iya kwantar da mutum watanni a rub da ciki, in ya ruɓe ya shiga jini yana kisa. Ba don in tsorata ki nake faɗa ba, ana kauce masa sarai. Ki nemi kushin na musamman mai rage dannewa, mai kauri wajen santimita 10, wanda aka fafe masa gurbin ƙasusuwan zama, a gwada miki shi a asibiti kina kai. Ko kuɗin yaya ba su kai ga komai ba, su kai ga wannan. Kada ki yarda da zagayayyen nan mai rami a tsakiya, yana tare jini ne a kewayen wurin. Soso kuma yana mutuwa, in kin ga ya lotsa ba ya dawowa, a canja shi. Kowane minti 20 zuwa 30 ki sunkuya gaba, ƙirji ya nufi gwiwa, ko ki karkata gefe ɗaya sannan ɗayan, ki daɗe kamar minti biyu. A aji ma za ki iya, wanda ya gan ki zai ɗauka jaka kike dubawa. Safe da dare ki duba wurin da madubi, ko Mama ta duba miki. Littattafan Turawa suna cewa a nemi inda ya yi ja, mu kuwa fatarmu ba ta cika nuna ja ba; ki nemi inda ya fi sauran duhu, ko ya yi ƙyalli, ko ya yi tauri ko zafi in an taɓa. In rabin awa ta wuce da sauka daga kan wurin bai koma daidai ba, ki daina zama a kansa, ki nemi likita. Zafin Maris da Afrilu na nan garin ya fi kowane lokaci haɗari, don gumi na jiƙa fata ta yi laushi. Kuma kada a bar keken a rana ki zo ki ɗora ƙafa a kan ƙarfen, zai ƙona ki ba ki ji ba.

To, sai hanya. Keken da aka yi domin sumul ɗin tayil na filin jirgi dabam, wanda zai bi lungunan birni dabam. Kin fi ni sanin yashin da ke taruwa a bakin kwalta, da jar ƙasar da ke zama taɓo daga Yuni zuwa Satumba, da kwatocin da aka rufe da guntun katako. Ƙananan tayoyin gaba su ne ke yanke hukunci a irin wannan hanya. In sirara ne ƙanana, za su nutse a yashi, su maƙale a rami, su kifar da ke ta gaba. Ki nemi masu faɗi, na roba, masu ɗan girma. Tayoyin baya kuma iri biyu ne, na iska da na toshe. Na toshe ba ya faci, amma duk dutsen da ya taka sai kin ji shi a gadon bayanki. Ni dai na iska na fi so miki, tunda daga Tudun Wada har Samaru babu kwanar da ba mai faci, amma da sharaɗin ki sayi famfo ki riƙa duba iskar duk mako, domin taya mai laushi na mayar da keke mara nauyi ya koma kamar na da. Ki tambayi mai sayarwa inda ake samun tayar da tub ɗinta. Yawancin kekunan da ake shigowa da su inci 24 ne, kuma ba lallai tayar keken hawa ta shige su ba ko da lambar da aka rubuta iri ɗaya ce. A sayo da ƙarin tub biyu tun ranar farko.

Ga wani abu game da alminiyam da ba a faɗa a talla. In keken ƙarfe ya karye, kowane mai walda a Sabon Gari zai ɗinke shi kafin ki sha ruwa. Alminiyam sai mai injin walda na musamman da ke aiki da iskar argon, kuma ko an yi, wurin ba ya cika komawa da ƙarfinsa na da. Na alminiyam mai kyau yana shekaru bai tsage ba, amma mai arha, wanda aka sirance bututunsa don a rage nauyi, shi ne ke ba da kunya a hanyoyinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar a 2008 kan samar da kekuna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta sa yiwuwar gyara keke a inda mai shi yake, da kuɗin da zai iya biya, cikin sharuɗɗan keken da ya dace, tare da dacewa da jiki da kuma yanayin wuri. Akwai ma kekunan da aka zana musamman domin hanya mara kyau, kamar RoughRider na ƙungiyar Whirlwind ta Amurka, da mai taya uku na ƙungiyar Motivation ta Ingila. Na ƙarfe ne, ba su kai na alminiyam sauƙin ɗagawa ba, amma suna ratsa inda wancan zai tsaya. Ki tambayi ma'aikatan asibiti da ƙungiyar masu bukata ta musamman ta JONAPWD ko akwai hanyar samunsu. In gwanjo aka samu mai kyau ma ba laifi, muddin awonki ne, an duba mahaɗar bututun babu tsaga, birki na kamawa, kuma in an tura shi ba kowa yana tafiya miƙe ba ya karkacewa.

Mai naɗewa ko mara naɗewa? Mara naɗewa ya fi daɗin turawa, ya fi ƙarko, don babu gaɓoɓin da ke sassautawa. Amma ke Napep za ki hau kullum, kuma direba ba zai tsaya kwance tayoyi ba. Ki ɗauki mai naɗewa, in da hali wanda tayoyinsa ke cirewa da danna maɓalli ɗaya. Na lantarki kuwa, in wani ya kawo shawararsa, ki ce Allah ya kai mu. Nauyinsa, da batirinsa, da halin wutarmu sun isa amsa. Mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda maƙeranmu ke yi, gwani ne a doguwar tafiya, sai dai ba ya shiga aji balle banɗaki.

Kafin a biya kuɗi, a ɗauki awon ƙofofin gidanku, daga zaure har banɗaki. Keke yakan fi mazauninsa faɗi da kimanin santimita 20, wato mai inci 16 zai kai wajen santimita 60. Dokin ƙofa da matakala kuma birkila zai iya yi musu gangara da siminti, amma ki tsaya a kansa, don sun saba yin ta a tsaye kamar ta shigar da mashin. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Matakala mai santimita 15 tana son gangara mai santimita 180.

Sauran abubuwan zama da keke hannu ne zai koya miki, amma ga kaɗan. Ki riƙa turawa da dogon ja a natse, ki saki zoben hannunki ya dawo ta ƙasa, maimakon gajerun bugu da sauri. Ki roƙi masu gashin ƙashi su koya miki ɗaga tayoyin gaba ki tsaya a kan na baya, da mutum a bayanki. Ranar da kika iya wannan, ƙaramar kwata ta daina tsayar da ke. Dogon hijabi da bakin zani suna son shiga wayoyin taya, ki tattare su a cinya ko ki sa a rage tsawon na makaranta. Zare da gashi kan naɗe a gindin tayoyin gaba su hana su juyawa, a riƙa cirewa. Da hunturu ƙura na shiga boris, mai gyaran keken hawa na unguwarku zai iya wankewa ya sa giris. Kuma don Allah kada ki rage shan ruwa saboda gudun wahalar banɗaki a makaranta, ciwon mafitsara ke biyo bayan haka. Ki tsara lokutanki da likitanki.

Mu dawo kan Baba. Ni ban ga taurin kai a maganarsa ba. Dattijo ne da aka yi wa alheri a ranar da ya fi kowace rana bukata, yana jin kunyar amininsa ya zo gaisuwa ya tarar an jingine kyautarsa. Wannan halin kirki ne, kada ki yi jayayya da shi a kai, kuma kada yaya ya yi masa maganar ta waya daga Abuja, zai ji kamar ana nuna masa kuɗi ne. Abin da Baba bai sani ba shi ne keken na cutar da ke, don a idonsa keke keke ne. To ba daga bakinki ya kamata ya ji ba. Ki roƙe shi ya raka ki Shika ranar awo, ya zauna ya ji ma'aikacin lafiya na bayanin kafaɗa da gyambo. Iyayenmu sukan karɓi magana daga likita wadda ba za su karɓa daga 'ya'yansu ba. In fita na yi masa wuya, a samu kawu ko goggon da yake jin nauyinta ta je da ke, ta dawo ta faɗa masa. Sannan a nuna masa cewa ba yar da keken za a yi ba. Duk mai zama a keke yana bukatar na biyu, ranar da ɗaya ke wurin mai faci ko ya jiƙe da ruwan sama. Na aminin Baba ya zama na gida, sabon ya zama na makaranta. Yaba kyauta tukuici: ku shirya takanas ke da Baba ku je ku gaida mutumin, ki gaya masa da bakinki cewa kekensa ne ya fara fito da ke daga ɗaki, kuma ga shi har za ki koma karatu. Mai irin wannan zuciyar, zai yi wuya ya ji haushi don an ce likita ya rubuta wani na fita.

Game da makaranta, kada ki jira ranar komawa. Ki rubuta wa shugaban sashenku da ofishin kula da harkokin ɗalibai tun yanzu, ki nemi a sa darussanku da jarrabawarki a ajin ƙasa, a kuma duba miki banɗakin da keke ke shiga. Ba alfarma kike roƙo ba. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika. Ki rubuta da ladabi, ki ajiye kwafi. Ki kuma nemi mai Napep ɗaya amintacce daga unguwarku a yi jinga da shi ta wata, ki koya masa yadda ake naɗe keken da inda ake kamawa, don in aka ɗaga ta wurin ɗora hannu ko na ƙafa, cirewa za su yi a hannunsa.

Kafin sabon ya iso, a ɗan gyara wanda ke hannu. In ledar mazaunin ta yi lotso, kafinta ya yanka falanki daidai faɗinta a ɗora, kushin ɗin ya hau kai, amma kada ki kuskura ki zauna a kan falankin ba kushin. Gefe da gefe a cika da soso mai tauri don ki daina yawo a ciki. In tafiyar mai nisa ce ki bari a tura ki a 'yan watannin nan, ki adana kafaɗun, ki kuma faɗa wa masu gashin ƙashi ciwon da suke yi don su ba ki motsa jikin da zai ƙarfafa su. Ki rubuto mini bayan kun dawo daga awon, ina so in ji abin da Baba ya ce. Ki gaida Mama.